Sunan da Na Bari a Ƙasan Disket

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu da suka yi mini alheri, amma ba zan taɓa mantawa da wata Talata a garin Tawa ba, ranar da na sa injuna shida suka ci mutuncin dattijo ɗaya a lokaci guda. Har yau in na tuna sai in ji ƙafata ta fara kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Bari in ba ku labarin, ko na samu sauƙi.

Ƙarshen shekarun casa'in ne. Na dawo daga Yamai da difulom na ordinatar, wato kwamfuta, ina tafiya ina ganin kamar garin ya yi mini kaɗan. Sai na tarar gwamnati ba ta ɗaukar kowa, waɗanda ke aikin ma sai su yi watanni ba su ga albashi ba. Shekara biyu cur na yi a fada, majalisar samarin unguwa, muna shan shayi muna gardamar jam'iyyu, difulom yana cikin akwatin inna tare da zannuwanta. Da aka ce wani furoje mai gina rijiyoyi a arewacin Adar yana neman ɗan sitaj, mai koyon aiki, ko takalmi ban tsaya ɗaurewa ba. Sharaɗin a fili yake: wata uku na gwaji, in an gamsu da kai a ba ka kwantara, in ba a gamsu ba ka koma gindin butar shayinka. Gurbin aikin ɗaya ne tak, kuma na san aƙalla mutum biyar da ke jiran in yi tuntuɓe.

Sai in faɗi aibina tun yanzu, kafin wani ya faɗa. Ni mutum ne mai gaggawa. Inna na cewa kafin ungozoma ta iso har na fito na fara kuka. Ba na iya zama wuri ɗaya, ba na iya jiran mutum ya ƙare magana, kuma a lokacin ina da tabbacin duk Tawa ba wanda ya kai ni sanin inji (gaskiya ne kuwa, amma don mu uku ne kawai muka taɓa ganin cikinsa).

Direktan furojen Alhaji Mamman ne, dattijo mai sanyin magana, kullum cikin farar riga. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya ne da shi: da an zauna taro, ba a minti goma sai ka ga kansa ya fara sunkuyawa, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Shi ya sa tun kafin in zo ma'aikata suka laƙaba masa Alhaji Gyangyaɗi. A ɓoye ake faɗa, a gindin bishiyar da direbobi ke zama. Ni kuwa baƙo mai neman shiga, na karɓi sunan hannu biyu, har na fi masu shi iya kwaikwayon sunkuyon. Sai sakatariyarsa, Tanti Rabi, wadda ta yi shekara ashirin tana buga tafireta. Ita ba ta taɓa kiran sunan nan ba, in an faɗa ma sai ta ɗauke kai.

A wata na uku aka kawo ordinatar shida iri ɗaya, kowace da na'urarta ta buga takarda. Furojen yana da rassa shida, su Bambeye, Barmu, Takanamat da sauransu, kuma kowane reshe za a kai masa inji ɗaya mai aiki da hasken rana, ya zama rumbun ajiyar bayanan rijiyoyin yankinsa: zurfinsu, ruwansu, wadda ta ƙafe da wadda ta rufta. Aka ce babban baƙo zai zo daga hedikwata a Yamai ranar Talata, wakilan rassa ma za su zo, a nuna musu injunan kafin a raba. Ni aka ɗora wa shirya su. Tanti Rabi ta raɗa mini cewa ranar ce direkta zai yanke shawara a kan kwantarata.

In da hannu za a shirya kowane inji, yini guda zai ci, ana zuba masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya ana amsa tambayoyi iri ɗaya. Yini shida ke nan ina maimaita abu guda. Ni da ba na iya jiran ruwan shayi ya tafasa? Sai na zauna na rubuta jerin umarni a cikin disket ɗaya. Ka tura shi cikin inji, injin ya karanta daga sama har ƙasa, ya shirya kansa da kansa. Abin da ya bambanta injunan kaɗan ne, sunan gari da sunan wakili, sai na bar musu gurbi. Sunan direkta ma na yi masa gurbi, don in an sauya shugaba wata rana a gyara wuri ɗaya a huta. Gurbin nan shi ake kira bariyabul a lakkwal, makarantar da na yi, kuma na yi ta nanata kalmar a biro, wato ofis, kamar ni na ƙirƙiro ta.

Tanti Rabi ta leƙo ta ga ina ta murmushi ni kaɗai.

"Ƙanena, mi kake yi haka tun safe ba ka ko tashi ba?"

Na gyara zama na fara yi mata lacca. Na ce a saman jerin zan rubuta sau ɗaya cewa gari kaza ne, wakili wane ne, direkta wane ne. Duk inda ake bukatar sunan a ƙasa, ba sai na sake bugawa ba, injin zai ɗauko abin da ke cikin gurbin ya zuba.

Ta ce, "To ai abin da muke yi da sitansil ke nan. Mu buga takarda guda, mu bar ɗigo-ɗigo wurin suna, in anka buga ɗari sai a cike da alƙalami."

Raina bai so ba. Shekara uku na yi ina karatun abin da ta fahimta cikin numfashi ɗaya. Na ce, "Tanti, ya ɗan fi haka zurfi." Ta ce to, Allah shi taimaka, ta koma kan tafiretarta.

Yanzu ga inda na haƙa wa kaina rami. Kowace takardar rahoto da injin zai buga tana da wurin sa hannun direkta a can ƙasa. Ranar Juma'a ina so in tabbatar gurbin nan yana kai suna har wurin. In na bar sunan gaskiya ba zan gane ko daga gurbin ya fito ko daga wani wuri ba, dole in sa wani suna dabam in gani. Mai hankali zai rubuta "gwaji". Ni kuwa, maimakon in taɓa layin sama da na riga na tsara, sai na gangara can ƙarshen jerin na ƙara layi ɗaya na wucin gadi, na ce direkta shi ne Alhaji Gyangyaɗi. Na duba a gilashin injin, ga sunan ya fito ɓaro-ɓaro a wurin sa hannu. Na yi dariya har da dukan tebur. Ina cikin dariyar wuta ta ɗauke, ga kiran sallar Juma'a, na zare disket na jefa aljihu na ce in na dawo zan goge. Wutar ba ta dawo ba sai bayan an tashi aiki.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, inji maganar ƙarshe yake riƙewa. In ka gaya masa abu a sama, ka sake gaya masa wani a ƙasa, na ƙasan zai ɗauka, ba zai tambaye ka ko wasa kake yi ba.

Ranar Litinin na jera injunan shida a ɗakin taro. Na buɗe jerin na duba sama: gari daidai, wakili daidai, direkta Alhaji Mamman da cikakken sunansa. Ban gangara ƙasa ba, layukan sun fi ɗari biyu, kuma ni na rubuta su, me zan duba? Na bi injunan ɗaya bayan ɗaya, ina sauya sunan gari da na wakili kawai. Aikin yini shida na gama shi kafin azahar. Na riƙa zagaya ɗakin hannu a aljihu, in fita in dawo, ina jiran wani ya shigo ya tambaye ni yadda na yi.

Tanti Rabi ce ta shigo. Ta dubi na'urorin buga takarda da na jona, ta ce, "Ka buga guda ka karanta?"

Na ce takardar mai ramuka a gefe kwali ɗaya aka kawo, direkta ya ce a yi tattali. (Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. So nake bugun farko ya zama a gaban baƙo, duka shida su tashi tare, a ga abin mamaki.)

"Ni dai ko takardar gayyata na buga sai na karanta ta daga sama har ƙasa," in ji ta. "Takarda guda ba ta ƙarar da kwali."

"Tanti, inji ba ya kuskure."

"Shi kam ba ya yi," ta ce, ta fita.

Talata ta zo da zafi irin na kafin damina. Na sa rigar da na yi sallah da ita, tun kafin a fara ta jiƙe a baya. Baƙon Yamai ya iso, dogo mai tabarau, ana ce masa Mushe Sule, wato malam da Faransanci. Wakilai shida suka zauna kowa gaban injinsa, wasunsu ba su taɓa taɓa ordinatar ba, sun ɗora hannuwa a cinya kamar masu jiran liman. Direkta ya yi maraba da baƙi, ya ce ga yaronmu zai yi bayani, ya zauna a kujerar gaba kusa da baƙo.

Na yi bayani kam. Na ce bariyabul ya fi sau ashirin. Na ɗaga disket sama na ce da wannan ɗan abin ko injuna ɗari aka kawo zan shirya su kafin la'asar, kuma duk za su fito iri ɗaya sak, ba bambanci ko na wasali. Mushe Sule yana gyaɗa kai yana rubutu a ɗan littafinsa. Na saci kallon direkta, kansa ya fara sunkuyawa. Na ji dariya ta taso mini, na danne. Ko a lokacin ban tuna da layin Juma'a ba, wallahi ko kaɗan.

Sai na ce kowa ya danna maɓallin da na nuna masa. Na'urori shida suka tashi tare da ƙara irin ta injin niƙa, har direkta ya farka a firgice ya gyara hula. Takardu suka fito, kowa ya yage tasa. Ni ina tsaye a tsakiya ina jiran tafi.

Wakilin Bambeye, wanda ya daɗe a furojen, ya karanta tasa har ƙasa. Na ga ya kife ta a cinya ya kama kallon rufin ɗaki. Na kusa da shi ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka mamaki ne ya kama su. Sai wakilin Barmu, wani bawan Allah da bai fi sati biyu da fara aiki ba, bai san komai ba, ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Gafara dai. An sake muna direkta ne?"

Mushe Sule ya ce, "Kamar yaya?"

"Nan wurin sa hannu na ga an rubuta Alhaji Gyangyaɗi. Ni kuwa Alhaji Mamman anka ce mini."

Nan take layin Juma'a ya dawo mini gaba ɗaya har da dariyar da na yi. Mushe Sule ya miƙa hannu aka ba shi takardar Barmu. Ya karɓi ta Takanamat. Ya karɓi sauran huɗun ya jera su a tebur. Yadda na yi alkawari haka suka fito, iri ɗaya sak.

Direkta ya jawo ɗaya, ya sa tabarau, ya karanta. Ya cire tabaran ya naɗe a hankali ya mayar aljihu.

Mushe Sule ya ce, "Wa ya shigar da sunayen nan?"

A biron nan duk wani suna da ya hau takarda Tanti Rabi ce ke buga shi, kowa ya sani. Sai idanu suka koma kanta, har da na direkta. Tana tsaye bakin ƙofa da faranti na kofunan ruwa. Ba ta kare kanta ba, ba ta kuma dube ni ba. Kuma ga abin da ya fi sunan kansa ba ni kunya: na yi shiru. Ba daɗewa, ƙila numfashi huɗu ko biyar, amma na yi, ina lissafin ko akwai hanyar da zan bi in tsira da kwantarata. Na ji ƙyamar kaina a wurin.

Na ce, "Ni ne. Tanti ba ta taɓa injunan nan ba. Gwaji na yi na manta ban goge ba."

Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. Wani ya yi tari. Direkta ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To gyara."

Na zauna, na gangara ƙarshen jerin a gaban kowa, ga layin nan yana zaune abinsa. Na goge shi. Na bi injunan shida da disket, cikin ɗan lokaci aka sake bugawa, sunan Alhaji Mamman ya fito daidai a duka. Abin haushi, nan ne Mushe Sule ya fi jin daɗin aikin. Ya ce, "Wato layi ɗaya ka taɓa, duka shida suka gyaru?" Na ce e. Ya rubuta a littafinsa. Ni kuwa, da yake ba na rabuwa da wauta, sai na fara jin ƙila abin zai wuce, ƙila ma ya zama abin dariya a wurin cin abinci.

Kwana biyu ba wanda ya ce mini uffan. Na kasa zama, na kasa cin abinci, in shiga biro in fito, in je bakin ƙofar direkta in juyo. Direbobi suka daina kirana gindin bishiya, kowa yana gudun a ce da shi aka haɗa baki. Na je na ba Tanti Rabi haƙuri a kan shirun da na yi. Ta ce, "Na gani. Amma ka yi magana daga baya, shi ma na gani." Ta ci gaba da bugunta.

Ranar Alhamis direkta ya aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa tun daga bakin ƙofa, na fara jero ranka ya daɗe da tuba nake. Ya ce in tashi in zauna a kujera.

"Ɗana, kana tsammanin ban san sunan nan ba? Na san shi tun kafin ka zo. Na san wanda ya fara faɗinsa ma."

Na sunkuyar da kai.

"Ciwon sukari gare ni, shekara shida ke nan. Shi ke kawo mini wanga barci, ba lalaci ba. Ban gaya wa kowa ba, don in Yamai sunka ji sai su ce na gaza, su turo wani. Ina da ɗiya takwas a gida." Ya gyara zama. "In anka faɗi a gindin itace, iska ke kwashewa. Kai kuwa ka sa shi a takarda mai tambarin furoje, har shida, gaban mutumin da ke rubuta rahoto a kaina. Jiya kafin ya tahi sai da ya tambaye ni ko lafiyata lau."

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Hawaye ne suka zo, na ji kunyarsu su ma.

Ya ce, "Aikinka yana da kyau, ban ga wanda zai yi kamarsa a garin nan ba. Amma ba zan iya riƙe ka ba. In ina ganinka kullum zan tuna, su ma in sun gan mu tare za su tuna. Ni kuma ina da sauran aiki da mutanen nan."

Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini ambulan. Takardar shaida ce, ta yabo, irin wadda ake nema wa aiki da ita. Ba a ordinatar aka buga ta ba, kuma ba Tanti Rabi ta buga ba, na gane daga yadda haruffan suka hau juna. Shi ya zauna da kansa a tafireta, da yatsa biyu. Ya rubuta cewa ni yaro ne mai basira da saurin aiki. A ƙasa ya sa cikakken sunansa, ya sa hannu.

Na bar musu disket ɗin, na ji an yi shekaru ana shirya injuna da shi. Kwantarar kuwa wani aka ba, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan. Na koma fada na ƙara wata bakwai, kuma da takardar Alhaji Mamman na samu aikin da nake ci har yau, inda nake kula da injunan da suka fi ƙarfin in ƙirga da yatsu. Ban sake ganinsa ba. Na sha niyyar zuwa gaishe shi, kunya tana hana ni, har na ji labarin rasuwarsa.

Darasin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Abin da ke gyara injuna shida da layi ɗaya, da layi ɗaya yake ɓata su, kuma ba ya tsayawa ya tambaye ka ko ka tabbata. Yanzu duk lokacin da nake bukatar sunan gwaji, nawa nake sawa, in ƙara masa "sarkin gaggawa" a gaba. Sau biyu na manta shi ya fita a gaban mutane. Ba wanda ya ɗaga hannu ya tambaya ko kuskure ne.